Ƙuri'ar Markus

Ranar da na sauka a Amurka, mutumin da aka ce zai tarye ni bai zo ba. Na tsaya a bakin ƙofar fita da jaka ɗaya a hannu, kilishin da Inna ta ƙulle mini kuwa jami'ai sun raba ni da shi tun a ciki. Na kira lambar da aka ba ni har sau shida, muryar wata mata tana maimaita mini cewa babu mai wannan lamba. A nan na fara sanin irin tsoron da ba ya sa mutum gudu, sai dai ya sa ya tsaya cik. Wani dattijo mai goge daɓen wurin ne ya ga na daɗe, ya karɓi takardar da ke hannuna ya karanta sunan garin da kwalejin take, ya ja ni har gaban bas, ya ce wa direba ya sauke ni a can. Ban san sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Ƙafata ta dama ce ta kai ni ƙasar. A wani fili da ke bayan Ƙofar Ran a Bauchi na taso ina buga ƙwallo. Ban iya yanka ba, gudu ma sai a hankali, amma in na saki ƙafa na daki ƙwallo, sai an je an yi sallama a gidan mutane kafin a karɓo ta. Wani dillalin 'yan wasa daga Legas ya ga bidiyona, ya ce kwalejojin Amurka suna neman irin wannan ƙafa domin irin tasu ƙwallon. Ya ce karatu kyauta, shekara huɗu, da abinci da wurin kwana. Baba, wanda bai taɓa zuwa kallon wasana ba, ya bi shagunan abokansa a kasuwar Wunti yana sanar da su cewa Sa'idu zai tafi ya yi digiri a Amurka.

Awa bakwai muka yi a bas cikin gonakin masara. Ni da na zaci ƙasar duk benaye ce, sai ga ni a hanyar da ta fi hanyar Ningi kaɗaici.

Kashegari a ofishin ɗalibai baƙi wata mata ta zaunar da ni ta karanta mini takardar da na sa wa hannu a Legas, a tsaye, dillali yana duba agogo. Tallafin karatun na shekara ɗaya ne. Duk ƙarshen kakar wasa babban koci ne zai duba ya ga ko a sabunta ko a bari. In bai sabunta ba, makaranta ta ƙare, biza kuma ta bi ta. Na ce mata ai shekara huɗu aka gaya mini. Ta juyo da takardar, ta ɗora farcenta a kan layin, ta ce ta yi mini baƙin ciki ƙwarai. Tun daga wannan rana, duk inda na hango kocin nan sai in kauce. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Ƙwallon tasu kuwa, ni dai a farko faɗa na gani da hular kwano. Akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo ya jefa, shi ne mai jifa, shi ne ango a kowane wasa. A gabansa ƙarti biyar suke jeruwa su tare abokan karawa, domin in suka kuɓuce suka iso kansa, sai dai a ɗauke shi a makara. Ni aikina kaɗan ne. Sau uku ko huɗu a wasa za a kira ni in shiga in daki ƙwallo ta wuce tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, in fito. Sauran lokacin ina tsaye a gefen fili ina rawar ɗari.

Mai jifanmu Kebin ne, yaro fari mai fara'a, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya iya jifa. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya gan ni da 'yar rigar sanyin da na saya a gwanjo a Bauchi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa mini, bai sake tambayar ta ba. Shi ne kuma ya ce wa masu dafa abinci su riƙa nuna mini abin da babu naman alade a ciki. Kafin nan wata guda na yi ina cin burodi da dankali kamar mai jinya.

Markus kuwa ɗaya ne daga cikin ƙartin nan biyar, shi ne na hagu, mai tsaron ɓangaren da Kebin ba ya gani in ya juya zai yi jifa. Baƙi ne, jibgege, wuyansa ya kai cinyata, kuma a shekararsa ta ƙarshe yake. Ba ya dariya, ba ya hira. Wata uku muna ƙungiya ɗaya, kalma ɗaya tak ta taɓa haɗa mu. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin sauya kaya ina ɗaure takalmi, ya ce, "Matsa." Na matsa da sauri har na bige da bango. Gaskiya tsoronsa nake ji.

To amma wanda ke tsaye a gefe ba shi da aiki sai kallo. 'Yan kallo ƙwallo suke bi da ido, masu ɗaukar hoton talabijin ma haka. Ni da ban gama gane wasan ba, sai idona ya saba da kallon inda ake dambe. Na ga abokan karawa suna turo wa Markus mutum biyu, wani lokaci uku, yana riƙe da su kamar ya sa sakata. Na ga ranar da yatsansa ya goce, ya fito gefe ya ja shi ya mayar da kansa, ya naɗe da filasta ya koma. Duk jifar da Kebin ya yi jama'a suka tashi tsaye suna kiran sunansa, na san wanda ya saya masa lokacin yin ta. A shekarar nan ba a taɓa kayar da Kebin ta ɓangaren hagu ba, ko sau ɗaya ban gani ba.

Da kaka ta zo ƙarshe sai maganar kyauta ta cika garin. Akwai wata babbar kyauta da ake ba gwarzon ɗan wasan kwalejoji na shekara, 'yan jarida da waɗanda suka taɓa cin ta su ne ke jefa ƙuri'a. Kwalejinmu ta ƙudura sai ta tura Kebin. Aka buga fosta da fuskarsa, aka manna har a ban ɗaki. Kafin a aika wa 'yan jarida da sunansa, al'ada ce mu 'yan wasa mu fara yin tamu ƙuri'a, kowa ya rubuta wanda ya ga ya fi kowa a ƙungiya.

Saura kwana biyu a yi, mataimakin koci ya tare ni a hanyar kantin abinci. Sid suke kira na, domin Sa'idu ya gagari harshensu.

"Sid, ka san jibi za a yi ƙuri'a ko?"

Na ce na sani.

"Muna so mu gaya wa 'yan jarida cewa kowa da kowa Kebin ya zaɓa. Irin wannan magana tana da nauyi a wurinsu. Ba wanda zai tilasta maka, ƙuri'ar sirri ce." Ya dafa kafaɗata yana murmushi. Har ya juya zai tafi sai ya ce, "Af, mako mai zuwa ne koci zai duba takardun tallafin baɗi. Taka tana ciki ai."

Na shiga kantin na ɗebi abinci, na zauna ina kallon sa har ya huce.

A garin akwai wata mata ma'aikaciyar jinya, Mama Rifkatu, 'yar wajen Bogoro. A shago muka haɗu, ta ji ina waya da Hausa, ta saki keken sayayyarta ta zo ta riƙe mini hannu kamar ta tsinci ɗanta. Tun daga nan duk Lahadi bayan ta dawo daga coci nakan je in ci tuwo da miyar kuka, tana ba ni labarin Yelwa ta da, ina ba ta na Bauchin yanzu. Wannan karon ban jira Lahadi ba, na je na same ta tana shirin tafiya aiki, na zayyana mata komai.

Ta ajiye takalmin da ke hannunta ta ce, "Kai Sa'idu, mamanka bai aiko ka nan ka gyara musu wasa ba. Karatu ya kawo ka. Wannan Markus ɗin, ɗan'uwanka ne? Ya taɓa gaishe ka?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To ka rubuta abin da suka ce, ka karɓi takardanka ka koma gida. Ni na ga yaran da aka mayar. Ba na so in raka ka tashan bas kana kuka."

Na so a ce na tsaya a nan. Amma da na fito sai na kira Baba, wai ko zan ji sanyi. Ban gaya masa maganar tallafi ba, na dai ce an ce mu zaɓi wanda ya fi iya wasa, kuma manya suna da wanda suke so. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana taya yadi.

Ya ce, "To mene ne abin tambaya a nan? Ƙuri'a ai shaida ce, Sa'idu. Abin da idonka ya gani shi za ka faɗa. Ko so kake ka je ƙasar mutane ka koyo shaidar zur?" Daga nan ya shiga gaya mini cewa limamin unguwa ya tambayi yaushe zan gama digirin.

Sai tsorona ya zama biyu, ga koci, ga shaidar zur. In na juya nan in ga kaina na sauka a tashar mota a Bauchi da jakar nan ɗaya, Baba yana neman abin da zai ce wa mutanen Wunti. In na juya can in ji muryarsa. A ƙarshe na lallashi kaina da abin da mataimakin koci ya faɗa da bakinsa: ƙuri'ar sirri ce. Mu kusan ɗari ne. Wa zai san takardar wa ce?

Da safe aka tara mu a ɗakin taro, aka raba mana 'yan fararen takardu. Na duƙa na kare tawa da hannu kamar mai satar amsa, na rubuta Markus da manyan baƙaƙe yadda ba za a gane rubutuna ba, na ninke ta huɗu. Aka zagayo da hular kwano, na jefa. Tana barin yatsuna na tuna abin da hannuna ya yi.

Mu tun muna makarantar allo aka saba mana, ba a fara rubutu a kan farar takarda sai an buɗe da bisimilla a sama. Ko jerin cefane Inna ta sa ni in rubuta, hannuna ne yake yi, ba ya shawara da ni. Na zauna ina ta dabarar ɓoye rubutuna na boko, ashe tuni hannun nan ya shimfiɗa bisimilla da Larabci a saman takardar, daga dama zuwa hagu, da kyau kamar za a kai wa malam ya duba. A duk ƙungiyar ni kaɗai ne Musulmi. Hular ta yi gaba, ina kallon ta tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Da na rubuta sunana da lambar fasfo ma da bai fi haka tona mini asiri ba.

Ranar ban iya cin komai ba. A aji malami yana magana, ni ƙofa nake kallo. Na sha jin labarin waɗanda rubutun Larabci ya jawo wa tambayoyi a ƙasar, sai zuciyata ta riƙa kawo mini 'yan sanda, ta kawo mini jirgi. Duk wanda ya yi tari a bayana sai na zabura.

Washegari da azahar aka ce babban koci yana nema na.

Mutum ne mai jan fuska, kullum yana tauna cingam. Ya nuna mini kujera. Takardata tana shimfiɗe a kan tebur, an warware ninkinta. Kusa da gwiwar hannunsa akwai tarin fayil, na hango sunana a jikin na biyu daga sama.

Ya ce, "Wannan rubutun na sama me yake cewa?"

Na ce, "Da sunan Allah ne, koci. Haka muke fara rubutu a gida. Ba wani abu ba ne."

"Ba ruwana da addininka, Sid, kwantar da hankalinka. Amma takardar da aka yi wa alama ta lalace, haka dokar take. Ina iya jefa ta a kwandon shara, sai dai lissafi zai nuna mutum ɗaya bai yi zaɓe ba, ni kuwa kowa da kowa nake so in ce." Ya zaro sabuwar takarda ya turo mini, ya ɗora biro a kai.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Koci, ni a gefe nake tsayawa. Ina ganin abin da Markus yake yi."

Ya daina tauna cingam. Ya ce, "Ni ma ina gani. Ni na koya masa. In gaskiya kake so, babu kamarsa a filin nan. Amma masu zaɓen can ba sa kallon masu tarewa, wanda ƙwallo ke hannunsa suke kallo. Yawancinsu ko wasanmu ɗaya ba su gani ba, abin da muka aika musu za su karanta. In ƙuri'armu ta rabu, Markus ba zai samu ba, Kebin ma ya rasa. Wa ka taimaka ke nan?"

Da ya yi mini tsawa ne da ya fi mini sauƙi. Maganarsa ta shiga kunnena, kuma na ji daɗin da ta shiga, domin ƙofa ce ya buɗe mini in fita. Bai ambaci tallafi ba ko da wasa. Hannunsa dai yana kan fayil ɗin nan, yana ɗan buga shi da yatsa.

Na ɗauki biro. Hannuna ya nufi kusurwar dama ta sama kamar yadda ya saba, na janye shi da ƙarfi. Na san abin da zan rubuta, ba zan sa sunan Allah a kansa ba. Na rubuta Kebin a tsakiyar takardar, na tura masa. Ya ce, "Yawwa, yaron kirki," ya yayyaga ta farkon ya zuba a kwando.

Ranar Litinin aka sa wa takardar tallafina hannu. Aka aika wa 'yan jarida cewa 'yan wasa baki ɗaya Kebin suka zaɓa. Kyautar kuwa wani mai jifa na wata babbar kwaleji da ake nunawa a talabijin kowane mako ya ɗauke ta, Kebin ko cikin waɗanda aka gayyata bikin bai shiga ba. Na yi sauran shekaruna uku ina sunkuyar da kai, na karɓi digirina na dawo Bauchi. Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a unguwar Ɗan Iya. Baba ya sa an yi wa takardar digirin gilashi, in baƙo ya zo sai ya sa a ɗauko. Mama Rifkatu ta yi gaskiya, ba ta raka ni tasha ina kuka ba.

Amma tsakanin ranar ofishin koci da Litinin ɗin nan akwai wata Alhamis, wadda ban taɓa ba Baba labarinta ba.

Ina tsaye a inda ake jiran bas da yamma, sanye da rigar Kebin, sai na hango Markus ya fito daga wajen ɗakunan kwana ya miƙo inda nake. Babu kowa a wurin sai ni. Na ɗauka ya ji na janye ƙuri'ata ne ya zo mu yi ta. Ya tsaya a gabana, ya tare mini rana gaba ɗaya.

Ya ce, "Sa'idu, ko?" Ya faɗi sunan daidai, a hankali, da alama sai da ya gwada shi a hanya.

Na ce, "Ni ne."

"Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirga ƙuri'a ya ce mini an ga takarda ɗaya da sunana. Ya ce akwai wani irin rubutu a samanta. Na je ofis na tambaya, aka ce babu wannan magana." Ya dubi yatsansa mai filasta, ya sake duba na. "Ni kaina Kebin na rubuta. Shekara huɗu ina wasa a nan, ba wanda ya taɓa rubuta sunana a kan komai. Kai ne?"

Na waiga. A can nesa, bakin ɗakin motsa jiki, motar mataimakin koci tana ajiye. Ban ma san ko yana ciki ba. Abin da na sani shi ne fayil ɗina yana kan tebur, ba a sa masa hannu ba tukuna.

Na ce, "Ba ni ba ne."

Ya daɗe yana kallo na. Bai yi fushi ba, da ya yi da na samu abin riƙewa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ba komai. Dama so nake in ce wa mutumin na gode. Na gaya wa mahaifiyata a waya, ta ce lallai in nemo shi."

Ya sa hannuwansa a aljihu ya juya. Ina kallon sa yana tafiya a hankali, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, har ya sha kwana. Bas ta zo ta buɗe ƙofa, direba ya jira ni, ya gaji ya rufe ya tafi. Bayan wata biyar Markus ya gama karatu ya bar garin, ban sake ganin sa ba.

Godiya kawai ya ɗauko tun daga ɗakinsa ya kawo mini har bakin titi, na bar shi ya koma da ita.